Abin da Ɗakin Duhu Ya Tafi da Shi

Akwai tambayar da ta zama ruwan dare a bakin yaran da ke shigowa sana'ar buga riga a 'yan shekarun nan: tunda ga injin DTF, mai liƙa hoto a jikin riga, yana fito da hoton mutum da kalarsa cikin 'yan mintoci, me zai sa matashi ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen koyon ɗigo, da lissafin raga, da tsayuwa cikin rana riƙe da sikirin? Tambaya ce mai ma'ana, kuma mai yin ta yana da haƙƙin a ba shi amsa. Abin da ke sosa ran tsofaffin hannu shi ne zaton da ke ƙarƙashinta, cewa duk abin da aka yi kafin zuwan kwamfuta wahala ce kawai ta mutanen da suka rasa kayan aiki. Kayan aikin da, da yawansu gara da suka tafi, domin babu mai kewar warin kemikal a ɗakin da ba taga. Sai dai wani ilimi ya bi su, wanda ba a saye shi a kanti ba, ba a kuma karanto shi a littafi ba, wato sanin yadda ake riƙe fuskar baƙin mutum a kan yadi har ta fito da kamanninta. A ɗakin duhu aka haifi wannan ilimi, da aka rufe ɗakin kuwa ba a kwashe shi an kai gaban kwamfuta ba. Rashinsa yana nan a bayyane a ƙirjin dubban mutane duk kakar zaɓe.

A ɗauki rigar kamfen guda cikin waɗanda ake rabawa a filin taro, a shimfiɗa ta, a dube ta da kyau. Ɗan takara ya sha farar babbar riga mai aiki a wuya, ya kafa hula zanna-bukar, an ɗauke shi hoto yana murmushi. A jikin tishat ɗin kuwa fuskar ta dunƙule ta zama baƙin curi, sai fararen ido biyu da haƙora. Kunci da goshi da gefen hanci sun haɗe, ba a gane inda gemu ya ƙare da inda wuya ya fara. Babbar rigar ta narke cikin farin tishat, aikin wuyan ya ɓace, har kan ya zama kamar yana reto a iska babu kafaɗa. Hular kuma ta yi wani shati mai kama da saƙar tabarma, wanda babu shi a ainihin hoton. Ba don sunan da aka rubuta a ƙasa ba, da 'yan gidansu ma sai sun yi gardamar ko shi ne. Yaron da ya buga zai ce tawadar ce ba ta da kyau, ko hoton da aka turo masa ne bai fita ba. Amma duk wanda ya daɗe a kan tebur ya san laifi uku ne suka taru a wuri ɗaya, kuma tun kafin tawada ta taɓa raga aka aikata su duka.

Biyun farko laifin lissafi ne, lissafin ɗigon da ake farfasa hoto zuwa gare shi kafin a buga. Jarida takan yi ɗigo layi 85 a inci, mujalla 133 ko 150, mu kuwa a kan riga tsakanin 35 da 65 muke yawo, akasarin aiki mai kyau yana tsayawa a 45 ko 55. A layi 55, inci ɗaya murabba'i yana ɗauke da ɗigo 3,025, hoto mai faɗin inci 10 da tsawon 12 kuwa ya haura ɗigo 360,000, kuma kowanne sai ya sami ƙofar wucewa. Ɗigon da ke riƙe da farar babbar riga, wato na kashi 5 cikin 100, faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin takwas na milimita ba. A kan raga 90T, tazarar zare da zare kusan daidai take da faɗin wannan ɗigo, saboda haka in ya faɗa a rami ya rayu, in ya faɗa a kan zare ya raunana. A kan 43T, wadda da ita ake buga rubutu da lambar 'yan ƙwallo, kaurin zaren kansa ya kusa shafe ɗigon. Daga nan ƙa'idar ta fito cewa yawan zaren raga a inci ya ninka layin ɗigo sau huɗu zuwa biyar, shi ya sa layi 55 ke neman 90T, mai zare kusan 230 a inci, ko ma 120T. Shatin tabarmar da ya lalata hula kuwa faɗa ne tsakanin jerin ɗigo, da saƙar raga, da saƙar rigar kanta. Kwanar digiri 45 da masu buga takarda ke ji da ita takan yi karo da raga mai saƙar kai tsaye, shi ya sa muka koma 22.5.

Laifi na uku shi ne babba, kuma shi ne namu na kanmu. Ɗigo yana kumbura. Sikwiji ya danne tawada, zaren auduga ya sha ta, ta bazu, sai ɗigon da aka fitar a fim yana kashi 50 ya sauka a riga yana 70 da ɗoriya, na 75 ya kusa rufewa, abin da ya haura 85 kuwa ya zama baƙi ƙirin. Wannan kowa ya sani, kuma littattafan Turai da Amurka sun yi bayaninsa. Abin da ba su damu da shi ba shi ne inda fuskar mutum take zaune a kan ma'aunin. Farar fata tana zaune a ɓangaren haske, inda ko ɗigo ya kumbura akwai sauran fili, iyaka fuskar ta ɗan yi duhu. Fatarmu kuwa, musamman a hoton da aka ɗauka cikin inuwar rumfa ko ƙarƙashin hula, sau da yawa tana zaune ne tsakanin kashi 60 da 85, daidai bakin ramin da kumburi ke cikewa. Duk abin da ke sa a gane mutum, tudun kunci, layin murmushi, tsagen gado in yana da shi, yana cikin wannan ɗan tsukukun wuri. Ga kuma farar riga a ɗaya ƙarshen tana neman ɓacewa. Wato mai buga hoton Bahaushe da kayan sallarsa yana yaƙi ne a gaba da baya lokaci ɗaya: in ya ƙara haske don ceton fuska riga ta tafi, in ya rage don riƙe riga fuska ta toshe.

Dalilin wannan wahala yana cikin asalin ɗigon kansa, domin don takarda aka ƙirƙire shi, aro muka yi. A 1839 Mungo Ponton, ɗan Sikotilan, ya gano cewa gishirin dayikuromet yana canzawa in haske ya taɓa shi. A 1852 William Henry Fox Talbot ya yi rajistar dabarar sa ƙyalle mai shara-shara tsakanin hoto da farantin ƙarfe don ya farfasa inuwa zuwa ƙananan gaɓoɓi. Abin lura ne cewa ƙyalle ne ya haifi ɗigo, ga shi yau ƙyalle ne ya fi ba shi wahala. Ranar 4 ga Maris, 1880, jaridar Daily Graphic ta New York ta buga hoto ta wannan hanya, sannan Frederic Ives da 'yan'uwan nan biyu, Louis da Max Levy na Filadelfiya, suka kyautata gilashin mai layuka gicciye wanda gidajen jaridu suka dogara da shi shekaru masu yawa. Bugun raga ya biyo tasa hanyar daban: Samuel Simon na Manchester ya yi rajistarsa a 1907, aka fara haɗa shi da kemikal mai jin haske bayan 'yan shekaru, kuma sai a 1960 Michael Vasilantone ya ƙera teburin nan mai juyawa da ya sa buga riga kala-kala ya zama masana'anta. Takarda a shafe take, ba ta miƙewa, ba ta numfashi. Riga kuwa tudu da kwari ce, tana miƙewa, tana shan tawada kamar ƙasar rani. Duk wanda ya ɗauko ɗigo daga wancan gida zuwa wannan, dole ya sake masa tarbiyya.

A wajenmu ta ƙofar gidajen ɗab'i ɗigo ya shigo. An fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, New Nigerian ta fito a Kaduna a 1966, Triumph a Kano a 1980, kuma irin waɗannan gidaje su ne makarantar masu kyamarar ɗab'i da masu haɗa fim. A gefe guda masaƙun Kaduna, tun daga KTL a 1957 da UNTL a 1964, zamaninsu ne ya saba wa jama'a da ganin fuskar shugaba a jikin atamfa. Ƙaramin mai buga riga ba shi da kyamara. Abin da ya gada daga masu zanen allo shi ne hoto mai launi biyu, baƙi da fari zalla, a yanke shi da reza. Wannan hanya tana da tarihinta mai daraja. Hoton Che Guevara da Alberto Korda ya ɗauka a Habana ranar 5 ga Maris, 1960, wanda Jim Fitzpatrick ɗan Ailan ya mayar baƙi da fari a 1968, ya zagaye duniya a kan riguna babu ɗigo ko ɗaya a cikinsa. Amma a duba dalilin nasararsa: farar fuska ce da baƙin gashi da baƙar hula suka yi wa ƙawanya, hoton da kansa ya riga ya rabu biyu. A yi wa baƙar fuska irin wannan yanka, sai ko dai ta tafi duka cikin baƙi, ko a ƙaƙaba mata farin da ba nata ba. Mu ɗigo dole ne a gare mu, domin kamanninmu a tsakanin baƙi da baƙi suke.

Saboda haka mai riga yakan ɗauki hoto ya nufi ɗakin kyamara, kuma a nan ne sana'ar da nake wa kuka ta rayu. Kyamarar ta kai girman gado, rabinta a ɗakin haske inda ake maƙala hoto, rabinta a ɗakin duhu inda fim yake, babu fitila sai ja. Matsalar farko ita ce sikirin ɗin ɗigon da gidan ke da shi na takarda ne, layi 85 ko fiye, wanda ragar mai riga ba za ta ɗauka ba. Dabarar da aka yi ita ce a ɗauki hoton da ɗigonsa a rabin girman da ake so, sannan a mayar da shi gaban kyamara a ninka shi, layi 85 ya koma kusan 42. Sai kuma rabon haske, wanda kashi uku ne. Akwai babban haske da ke bi ta madubin kyamara ya ɗauko hoton. Akwai na biyu, filash, wanda ake kunna wata 'yar fitila kai tsaye a kan fim ba tare da hoton ba, don a dasa ɗan ƙaramin ɗigo a cikin inuwa kada ta toshe. Akwai na uku, ɗan gajere, da ake bayarwa bayan an cire sikirin ɗin ɗigo don a tsabtace wuraren haske. Ga mai aikin fuskokinmu, filash shi ne ran aikin. Daƙiƙa kaɗan a kansa su ne bambancin kunci mai tudu da baƙin faci. Gwani yakan ƙara da guntun kwali a bakin waya, yana karkaɗa shi a gaban farar rigar don ya rage mata haske, fuskar kuwa ta ci gaba da sha.

Fim ya fito daga tire ma aiki bai ƙare ba. A kan teburin gilashi mai fitila a ƙasa, da madubin ƙara girma a ido, ake bin fuskar ɗigo bayan ɗigo. Inda ƙura ta huda fim a toshe da jan fenti da ɗan siririn buroshi. Inda goshi ko karan hanci ya yi nauyi a dangwali ruwan rage ɗigo da auduga a shafa, a ƙirga a zuci, a wanke da sauri kafin ya cinye wurin. Mai wannan aiki yana kallon fim ne amma riga yake gani, ya san kowane ɗigo zai ƙara ƙiba a hanya, don haka yake sakin fuskar tana fari fiye da yadda ido ke so. Daga nan nauyi ya koma kan mai haskawa. Rana ita ce fitilarmu, kuma fitila ce mai kyau ga ɗigo, domin haskenta a miƙe yake saukowa, ba ya shiga ƙarƙashin fim ta gefe kamar na dogayen ƙwayaye. Sai dai ranar Afirilu daban, ta hazon hunturu daban, ta bayan ruwan sama daban. Shi ya sa ake gwajin tsani: a rufe sikirin da kwali, a riƙa janye shi kaɗan-kaɗan, a wanke, a ga matakin da ya riƙe ƙaramin ɗigo kuma bai bar kemikal ɗanye ba. Gilashi mai nauyi a sama, soso a ƙasa, don ko ɗan sarari tsakanin fim da raga ya isa ya kashe farar riga.

Mai musu na farko zai ce duk wannan kwamfuta tana yin sa cikin ƙiftawar ido, kuma ya yi gaskiya. Tun da CorelDRAW ta fito a 1989, Photoshop ta biyo baya a 1990, abin da mai kyamara ke kwana yana nema da filash da kwali ya koma jan layi ɗaya da linzami, a zaɓi yawan layi, da kwana, da siffar ɗigo yadda ake so. Babu mai hankalin da zai ce a koma tire da jan fitila. Amma kwamfuta tana yin abin da aka ce ta yi ne, kuma wanda zai faɗa mata shi ne ya ɓace. Allon kwamfuta haske yake fitarwa, saboda haka baƙar fuska takan fito a kansa tas da duk lungunanta, yaro ya gani ya gamsu, ya manta riga ba ta da fitila a bayanta. Sannan a fitar da aikin a takardar tiresin da firintar da baƙinta bai kama ba, wani ma a takardar yau da kullum a shafa mata mai. Firinta mai ɗigo 300 a inci, in aka nemi layi 55 daga gare ta, matakin inuwa kusan 30 kawai za ta iya bayarwa, mai 600 kuwa kusan 120. Mafi muni, aikin ya rabu gida biyu da ba sa ga maciji: mai zane yana shagon kwamfuta bai taɓa jan sikwiji ba, mai bugu yana bayan gida bai taɓa buɗe fayil ba. A da mai fim yakan nemi a kawo masa rigar farko ya gani. Yau hoto ya zo ta WhatsApp a matse, inuwarsa ta riga ta lalace, ya wuce hannu uku babu wanda ya tambayi wace raga za a sa.

Mai musu na biyu shi ne mai DTF, kuma hujjarsa ta fi ƙarfi. Ga wanda ke son riga biyar ta bikin suna ko goma ta 'yan ajin makaranta, da kala cikakkiya, babu abin da bugun raga zai ce, domin kuɗin haɗa sikirin kaɗai ya fi ƙarfin aikin. Wannan kasuwa ta tafi, kuma ta tafi da hujja. Amma a tambayi wanda ya sa irin wannan riga ya shiga ranar Kano ko Maraɗi a watan da zafi ke haura digiri 40. Hoto mai inci 10 a 12 na DTF kamar faifan leda yake, da garin gam aka liƙa shi, gumi ya taru a ƙarƙashinsa, iska ba ta ratsa shi. Hoton ɗigo da aka buga da raga mai laushi rabinsa yadi ne tsirara, yana numfashi, kuma in da tawadar filastisol aka buga shi, aka gasa shi ya kai digiri 160 da gaske, sau da yawa riga takan tsufa ta bar shi. In aiki ya kai dubbai, kowace riga a DTF sai ta ci fim ɗinta da garinta, sikirin ɗaya kuwa yana ta bugawa. Hujjar da ta fi duka ita ce abin da gwanayen DTF ɗin da kansu suka koma yi: suna farfasa hotunansu zuwa ɗigo, suna cire baƙin su bar launin riga ya cike gurbinsa, don aikin ya yi laushi ya sha iska. Suna tambayar layi nawa, kwana nawa, wane ɗigo ne zai maƙale wane ne zai bi fim ya tafi. Tambayoyin ɗakin duhu ne suka dawo ta wata ƙofa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku shi ne ɗan kwangila, kuma maganarsa ce ta fi yi wa sana'ar illa. Cewa yake rigar kamfen ta yini ɗaya ce, wa zai tsaya duba kunci da goshi, a dai ga jam'iyya da suna. Da wannan magana ake karya farashi har mai bugu ya rasa kuɗin raga mai kyau, ya ɗauko 43T ɗin da ya buga rubutu da ita jiya, ya tsinka tawada, ya shanya riga a igiya bai gasa ta ba. Wasu ma sukan kawo Andy Warhol, wanda tun 1962 ya riƙa buga hoton Marilyn Monroe da raga yana barin toshewa da dusashewa a matsayin ado. Warhol ya zaɓi hakan ne da gangan, a kan fuskar da duniya ta riga ta haddace, don ya faɗi wani abu game da shahara. Wanda ya toshe fuskar mutum saboda bai san kumburin ɗigo ba, babu abin da ya zaɓa. Batun yini ɗaya kuma, a je gona da damina, ko tashar mota, ko wajen masu tura baro, a ga rigunan zaɓen da ya wuce da wanda ya gabace shi suna nan a jikin talaka. Kuma ba 'yan siyasa kaɗai muke bugawa ba. Akwai hoton shehin da muridai ke sawa ranar Mauludi, da na mamacin da iyalansa ke tunawa da shi, da na amarya da ango. Wanda ya kawo hoton mahaifinsa amana ya kawo, mayar masa da baƙin curi cin amana ne ko da bai san yadda zai yi ƙorafi ba. Araha ba ta ado.

Adalci ya sa a faɗi laifin manya ma. Ilimin nan bai ɓace don kwamfuta ta fi ƙarfinsa ba kawai, ya ɓace ne don masu shi sun riƙe shi a ƙirji. Oga yakan kori yara daga ɗaki in zai haɗa kemikal ko zai saita filash, yana tsoron kada yaro ya koya ya buɗe shago a gabansa. Yaro ya shekara uku yana wankin sikirin da shanya riga, a sallame shi bai san dalilin da ya sa ake karkata ɗigo ba. Babu wanda ya rubuta ko shafi ɗaya da Hausa a kan yadda ake buɗe inuwar baƙar fuska, alhali mu ne muka fi kowa buƙatarsa, mu ne kuma muka fi kowa gwada shi. Haka nan an yi wasa da lafiya: dayikuromet guba ne mai cin fata da huhu, an kuwa daɗe ana dama shi da hannu tsirara, ana zubar da ruwansa a kwata. Zuwan kemikal na diyazo da waɗanda suka biyo bayansa rahama ce. Saboda haka in yaron yau ya ɗauka zamanin da duhu ne da wari kawai, abin da aka nuna masa ke nan. Wanda aka hana shiga ɗaki ba za a zarge shi da rashin sanin abin da ke ciki ba.

Gyaran ba ya buƙatar a farfaɗo da kyamara. Kowane shago ya fitar da tsanin akwati goma, daga kashi 10 zuwa 100, ya ƙara na 3 da na 5 a gefe, ya haska shi a ragar da yake aiki da ita, ya buga da tawadarsa da sikwijinsa a kan irin rigar da yake saye a Kantin Kwari ko inda yake saye, ya rataye shi kusa da kwamfuta. Wannan ƙyalle ɗaya zai faɗa wa mai zane inda ɗigon shagon ke mutuwa da inda yake toshewa, daga nan ya san yadda zai ja fuska ya fito da ita daga bakin rami, ya kuma ɗan ƙara wa farar riga nauyi ta tsaya. Kada a saki aikin dubu sai mai zane ya riƙe rigar farko a hannunsa a hasken rana. Sassan koyar da ɗab'i da zanen masana'antu a manyan makarantunmu na Kaduna da Zariya da Kano su nemo tsofaffin masu kyamara da suka rage, su zaunar da su gaban ɗalibai da hoton dattijo mai farin rawani, a ɗauki bayaninsu a rubuta tun suna da rai.

Ga matashin da ya yi tambaya kuwa, ka sayi injinka, Allah ya sa albarka. Amma kafin ka kira kanka mai buga hoto, ɗauki hoton kakanka da farar rigarsa, ka fitar da shi da baƙar tawada ɗaya a kan farar tishat, ka kai wa tsohuwar gidanku ba tare da ka rubuta suna ba. In ta kira sunansa, ka iya aiki. In ta yi shiru tana juya rigar, koma wurin manya ka yi tambaya tun suna nan.